Iskar da Ke Nunar da Ayaba Ita Ce Uwar Leda: Tarihin Etilin



Duk wanda ya tashi a gidan da ke da bishiyar mangwaro ya san dabarar iyayenmu mata idan yara sun kaɗo ɗanye: a zuba shi a tukunya ko kwali, a jefa nunanne ɗaya a tsakiya, a rufe. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙamshi ya cika ɗaki. Haka kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka aka farke tumbin saniyar da ta yi kiwo a cikin gari, ya ga irin dunƙulen baƙar ledar da ake cirowa. Waɗannan abubuwa biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, amma tushensu ɗaya. Wata iska ce marar launi, mai ɗan ƙamshi-ƙamshin zaƙi, wadda masana'antu ke kira etilin, littattafan sakandare kuma ke kira etin. Tarihinta za mu bi yau.

Dole mu fara da siffarta, don duk labarin a kanta ya rataya. Ƙwayar etilin ɗaya atom shida ce kacal, kabon biyu da haidirojin huɗu, shi ya sa ake rubuta ta C2H4. Mu ɗauka kowane kabon hannu huɗu gare shi. A jikin yayarta etan, kabon biyun suna riƙe da juna da hannu ɗaiɗai, sauran hannuwa shida sun kama haidirojin shida. Babu hannun da ya rage, don haka etan ba ta cika shiga sabgar kowa ba, sai dai a ƙona ta. A jikin etilin kuwa, kabon biyun sun riƙe juna da hannu bibbiyu. Riƙo na biyun bai kai na farko ƙarfi ba. Da zarar baƙo ya matso sai ya saki, kowane kabon ya sami hannu guda a sake, ya cafke baƙon. Idan baƙon haidirojin ne, a sami etan. Idan ruwa ne, a sami etanol. Idan kulorin ne, a sami wani ruwa mai maiƙo. Idan kuma aka matsa mata babu baƙo, sai 'yan uwa su kama juna, wannan ta riƙe waccan, dubbai a jere, a sami leda. Ɗalibin da ya gane wannan sakin hannu ya huta da haddar babin nan idan WAEC ta zo.

Mutumin da aka fi dangantawa da fara ganin wannan iska Bajamushe ne, Johann Joachim Becher, wajen shekarar 1669. Ba masanin kimiyya ba ne irin na yau. Yana cikin masu neman mayar da ƙasa zinariya, har ya taɓa yi wa hukumomin Holan tayin tace musu zinariya daga yashi. Ya dafa etanol, wato sinadarin da ke sa maye a cikin giya, tare da asid ɗin salfa, wanda mu muka fi sani da ruwan batir idan an sirka shi. Sai wata iska mai kama wuta ta fito. Abin da ya faru shi ne asid ɗin ya zuƙe ruwa daga jikin etanol ya bar etilin, kuma har gobe da wannan hanya ake nuna wa ɗalibai ita a ɗakin gwaji. Becher bai san me ya samu ba, aka bar zancen sama da shekara ɗari.

A 1795 wasu masana huɗu a Amsterdam, Deiman da Paets van Troostwijk da Lauwerenburg da Bondt, suka zauna suka bi ta a tsanake. Suka tabbatar kabon da haidirojin ne a jikinta. Da suka haɗa ta da kulorin sai abin mamaki ya faru: iska da iska suka haɗu, ruwa mai maiƙo ya taru a gindin kwalba. Turawa suka sa wa wannan ruwa suna man masana Holan, Faransawa kuma suka kira iskar da sunan da ke nufin mai haifar da mai. Daga nan kalmar olefin ta samo asali, sunan da har yau injiniyoyin matatar mai ke kiran etilin da danginta da shi.

Ba a daɗe ba ta yi wa kimiyya babban aiki. John Dalton na Manchester, wajen 1804, yana neman hujjar cewa komai daga ƙananan ƙwayoyi aka gina shi. Ya auna etilin, ya auna iskar fadama, wato metan, sai ya ga idan aka ɗauki kabon daidai wa daida, haidirojin ɗin metan ya ninka na etilin sau biyu cif, babu ɗoriya. Irin wannan lissafi mai tsabta ba ya fitowa sai idan ƙwayoyi ne ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Dalton ya kuskure adadin atom ɗin da ke cikin kowacce, amma ninkin da ya gani gaskiya ne.

A lokacin masana da yawa sun yarda cewa abin da ya fito daga jikin mai rai ba ya yiwuwa a haɗa shi a kwalba. Ana yawan ba Friedrich Wöhler yabon rusa wannan ra'ayi saboda yuriyar da ya haɗa a 1828, ita ce dai takin yuriya da manomanmu ke saye. Amma a daidai waɗannan shekaru Henry Hennell a Landan ya juya aikin Becher baya: ya sa asid ɗin salfa ya sha etilin, ya ƙara ruwa, ya sami etanol ba tare da an jiƙa hatsi ko an bar inabi ya yi tsami ba. Marcellin Berthelot na Faransa ya tabbatar da haka a 1855. Shi kuwa riƙon hannu bibbiyun da muka yi bayani, sai a shekarun 1860 aka fara zana shi a takarda, ta hannun irin su Emil Erlenmeyer da Alexander Crum Brown, bayan August Kekulé ya kafa cewa kabon hannu huɗu gare shi. August Wilhelm von Hofmann ya tsara sunayen dangin a 1866, taron masana a Geneva ya daidaita su a 1892. Gwajin da aka fi sani ma daga wannan riƙo ya fito: a zuba ruwan buromin mai launin ruwan goro, idan etilin ce launin ya ɓace nan take don ta cafke buromin ɗin, idan etan ce launin ya tsaya.

Abubuwa biyu suka fito daga wannan zamani, ɗaya ya shiga kicin, ɗaya ya shiga fagen yaƙi. A 1897 Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens a birnin Toulouse suka gano cewa idan aka bi da etilin da haidirojin ta kan garin ƙarfen nikel mai zafi, sai su haɗu su zama etan, nikel ɗin kuma ya fito yadda ya shiga. Irin wannan ɗan zuga, mai haɗa aure ba tare da shi ya yi ba, shi ake kira katalis. Bajamushe Wilhelm Normann ya ɗauki dabarar ya gwada a kan man girki, don shi ma yana da irin wannan riƙo biyu-biyu, sai mai mai ruwa ya daskare. Asalin botar gwangwani da aka daɗe ana shafa wa burodi ke nan. Sabatier ya sami kyautar Nobel a 1912.

Ɗayan kuwa muni ne. A 1860 Frederick Guthrie ya haɗa etilin da wani sinadarin salfa da kulorin, ya lura cewa ɗan kaɗan ya taɓa fata sai ta yi bororo. Wannan ita ce gubar da aka sani da mastad. Sojojin Jamus suka fara harba ta kusa da garin Ypres na Beljiyam a watan Yulin 1917, Ingila da ƙawayenta suka rama, kuma su ta hanyar etilin ɗin suka riƙa haɗa tasu. Ba a Turai kaɗai ta tsaya ba. Jiragen Mussolini sun yayyafa ta a kan sojoji da ƙauyukan Habasha a 1935 da 1936, shekara goma bayan yarjejeniyar Geneva ta 1925 da ta haramta irin wannan makami, wadda Italiya da kanta ta sa wa hannu.

Yanzu mu koma wajen tsirrai, inda a ganinmu labarin ya fi daɗi.

A ƙarni na 19 biranen Turai da iskar kwal suke kunna fitilun titi da na gida. A cikin wannan iska akwai 'yar etilin kaɗan. Mutane suka lura cewa bishiyoyin da ke kusa da bututun da ke yoyo suna zubar da ganye ba lokacinsa ba, an ma rubuta rahoto a kan haka tun 1864, amma ba wanda ya san wane sinadari ne ke yin ɓarnar. A birnin St. Petersburg na Rasha wani ɗalibi, Dimitry Neljubow, yana shuka wani irin waken Turawa a ɗakin gwaji, sai ya ga tsiron ba ya miƙewa sama. Sai ya yi gajere, ya yi kauri, ya kwanta gefe. Idan aka shuka shi a iskar waje kuma sai ya miƙe lafiya. Ya bi da iskar ɗakin ta cikin bututu mai zafi da ke ƙone duk wani gas, tsiron ya miƙe. Daga nan ya riƙa gwada sinadaran iskar kwal ɗaya bayan ɗaya har ya kama mai laifin. Ya buga sakamakon a 1901: etilin ce, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya tanƙwara tsiro.

Manoman lemon tsami a California su ma suna da nasu abin ɗaure kai. Sukan tsinki lemo kore su zuba a rumfa, su kunna risho na kananzir, bayan 'yan kwanaki ya yi rawaya. Kowa ya ɗauka zafi ne ke yin aikin. Da wasu suka sami kuɗi suka sa na'urar ɗumama ɗaki ta zamani marar hayaƙi, sai lemo ya ƙi canja launi. Frank Denny na ma'aikatar gona ta Amurka ne ya nuna a 1924 cewa etilin da ke cikin hayaƙin rishon ce ke yi. Tun kafin haka, a 1910, wani jami'in gona a Jamaica, H. H. Cousins, ya ba da shawarar a daina loda lemo da ayaba a ɗaki ɗaya na jirgin ruwa, don wani abu da ke fita daga lemon na nunar da ayabar a hanya. Shawararsa ta yi daidai, kodayake daga baya an fi zargin funfunar da ke jikin ruɓaɓɓen lemon, domin lemo lafiyayye ba ya fitar da etilin mai yawa.

Tambayar da ta rage ita ce, guba ce kawai daga waje, ko tsiron da kansa yake yin ta? Richard Gane a Cambridge ya amsa a 1934. Ya tara iskar da tuffa ke fitarwa yayin nuna, ya bi da ita ta cikin buromin, ya sami daidai abin da etilin ke bayarwa. Ashe ɗan itace da kansa yake fitar da ita, tana fita tana zuga shi ya ƙara fitar da wata, tana kuma zuga na kusa da shi. Ita ke ba da umarnin a mayar da sitaci sukari, a tausasa tsoka, a janye koren ɓawo. Hanyar da tsiro ke bi ya haɗa ta kuwa sai a 1979 Shang Fa Yang da ɗalibinsa Douglas Adams suka kammala warware ta a Jami'ar California da ke Davis.

To ka ga tukunyar iyayenmu ba camfi ba ce. Nunannen mangwaro yana fitar da etilin, murfin yana tsare ta. Mutanen Masar na dā sukan tsaga ɗanyen ɓaure a kan bishiya don ya yi saurin nuna, rauni kuwa yana sa ɗan itace ya fitar da etilin. Amma ba kowane ɗan itace ke jin wannan kira ba. Ayaba, mangwaro, gwanda, tumatir da fiya suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Lemo, abarba, inabi da kankana kuwa, zaƙin da suka baro gona da shi shi ke nan, ko launi ya canja. Wanda ya sayi kankana marar zaƙi ya ajiye yana jiran ta nuna, ruɓewa kawai yake jira.

Manyan kamfanonin ayaba a kan wannan ilimi suke tsaye. Suna ɗauko ta koriya shar, su riƙe ta a sanyin digiri 13 zuwa 14 a cikin jirgi, idan ta iso su sa ta a ɗaki na musamman su sako mata etilin kamar kashi ɗari cikin miliyan na kwana ɗaya ko biyu. A kasuwanninmu kuwa abin da ya maye gurbin wannan ɗaki shi ne kabaid ɗin masu walda. Idan danshi ya taɓa shi yana fitar da asitilin, C2H2, ƙanwar etilin mai riƙo uku tsakanin kabon biyu. Ɗan itace yana ɗaukar ta kamar etilin, sai dai tana buƙatar yawa sosai kafin ta yi aiki. Matsalar ita ce kabaid na masana'anta ba mai tsabta ba ne, yana ɗauke da ɓurɓushin asanik da fosfaras, kuma galibi a cikin kayan ake cusa ƙunshinsa. Indiya ta haramta shi, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kansa. Alamar da muka sani ita ce ayaba ta yi rawaya fes a waje, wuyanta kore, cikinta da tauri babu zaƙi, don tun ba ta ƙosa ba aka sare ta. Mu dai ba ma ganin zagin ɗan kasuwa kaɗai zai magance wannan. Wanda ya ɗauko ayaba daga kudu a bayan babbar mota, ya kwana a hanya cikin zafi, in ya ɗauko nunanniya kunu zai sauke. Dole ya ɗauko ɗanya, dole kuma ya nunar da ita. Ɗakin nunarwa da 'yan kasuwa za su yi tarayya a kansa ba wata fasahar zuwa wata ba ce, kusan shekara ɗari ke nan da sanin sirrinta.

Akwai wani ɓangaren da ya shafi manomanmu kai tsaye, kuma ba a cika faɗarsa ba. Ƙuduji, ko wuta-wuta, mai shanye dawa da gero da masara, irinsa yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari daga saiwar shuka, idan kuma ya tsiro bai sami saiwar da zai manne wa ba cikin 'yan kwanaki, ya mutu. A tsakiyar shekarun 1950 wani nau'insa ya ɓulla a gonakin masara na jihohin Carolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Wajen 1970 masu bincike suka gano cewa etilin na yaudarar irin ya tsiro ko babu shuka. Sai aka ƙera injin da tarakta ke ja yana cusa iskar cikin ƙasa, irin ya tsiro cikin fili babu abin kamawa, ya mutu. Da wannan, haɗe da maganin feshi da hana fitar da kayan gona daga yankin, cikin shekaru da dama suka share kusan dukkan gonakin da ya kama. Tsadar inji da tulun gas ta sa dabarar ba ta zo gonar mai kadada ɗaya ba. Amma idan malamin gona ya ce mu juya gonar da ƙuduji ya kama da waken suya ko auduga, irin wannan yaudara ce: saiwarsu na ta da irin, shi kuma ba ya iya kama su.

A taƙaice mu ambaci asibiti. Masu furanni a Shikago sun yi kukan cewa furen kaneshan na rufewa kamar mai barci idan gas ya yi yoyo a ɗakin renonsa. Wannan ya sa Arno Luckhardt ya gwada etilin a kan dabbobi, sannan a kan kansa, a 1923 aka fara sa wa majiyyata barci da ita a yi musu tiyata. Ta yi tashe na wani lokaci, amma da yake tana fashewa idan ta gauraya da oksijin ta sami tartsatsi, aka watsar da ita da aka sami waɗanda suka fi ta aminci.

Duk wannan lokaci etilin ba ta da yawa. Wanda ya buɗe ƙofar samar da ita da yawa shi ne George Curme, wanda aikinsa ya kai kamfanin Union Carbide ga kafa masana'anta a Clendenin, jihar West Virginia, a 1920. Dabarar ita ce a fasa etan da danginta da zafi. A yau ana tura etan ko nafta tare da tururi cikin bututu mai zafin digiri sama da 800 na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a sanyaya nan take. Daga etilin ɗin Curme aka fara yin ruwan lagireto mai hana daskarewa, wato gilaikol, wanda a yau shi ne rabin sinadarin yadin foliyesta da gorar ruwan roba.

Ita kuwa leda, haɗari ne ya haife ta. Kamfanin ICI yana da ɗakin bincike a Winnington, kusa da Northwich a Ingila, inda ake gwada abin da matsi mai tsanani ke yi wa sinadarai. A watan Maris na 1933 Eric Fawcett da Reginald Gibson suka zuba etilin da wani sinadari mai suna benzaldihaid a tukunyar ƙarfe, zafi digiri 170, matsi kusan sau dubu biyu na iskar da muke shaƙa. Suka bar ta ƙarshen mako. Ranar Litinin 27 ga wata suka buɗe, haɗin da suke nema bai yiwu ba, sai wani farin abu kamar kakin zuma a jikin tukunyar, bai kai giram ɗaya ba. Da suka sake gwadawa tukunya ta riƙa fashewa, kamfani ya dakatar da aikin. Sai a Disambar 1935 Michael Perrin da abokan aikinsa suka koma kai da kayan aiki masu ƙarfi. Tukunyarsu ta yi yoyo, suka riƙa ƙara etilin don cike gurbi, suka sami giram takwas. Daga baya aka gane sirrin: 'yar oksijin da ta shigo tare da gas ɗin ce ke kunna sarƙar. In ta yi kaɗan ba abin da zai faru, in ta yi yawa tukunya ta tashi. Perrin ɗin nan daga baya ya koma aikin bam ɗin nukiliya na Ingila, amma wannan labarin wani mako ne.

Ba don cefane aka yi folitin ba. Ba ta shan ruwa, ba ta bari lantarki ya wuce, don haka wayar tarho ta ƙarƙashin teku aka nufa da ita. Masana'antar farko ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Folan. Nan take aka mayar da ita sirrin soja. Da ita aka naɗe wayoyin rada, na'urar hango jirage, har ta yi rashin nauyin da za a iya ɗora ta a cikin jirgin yaƙi, abin da ya taimaki Ingila wajen farautar jiragen Jamus da dare da kuma jiragensu na ƙarƙashin ruwa.

Folitin ɗin ICI tana da laushi, domin sarƙarta na da rassa, ba sa kwanciya su matsu. A 1953 a birnin Mülheim na Jamus, wani gwajin Karl Ziegler ya lalace, sarƙar da yake son ta yi tsawo ta riƙa tsayawa a etilin biyu. Maimakon su wanke tukunya su wuce, sai suka bi diddigi, suka gano ɓurɓushin nikel ne ya rage a ciki. Ziegler ya ce in nikel na yanke sarƙa, wataƙila wani ƙarfen zai tsawaita ta. Suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har suka isa titaniyam. Da shi etilin ta zama folitin ba tare da wani matsi ba, a cikin kwalbar gilashi irin ta adana abinci. Sarƙar kuma miƙaƙƙiya ce, tana matsuwa ta yi tauri. A Amurka ma Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips sun kai ga irin wannan da kuromiyam a 1951. Giulio Natta a Milan ya ɗauki katalis ɗin Ziegler ya gwada a kan furofilin, mai kabon uku, a Maris 1954 ya sami folifurofilin, wadda da ita ake saƙa buhun taki da tabarmar roba. Su biyun suka raba Nobel a 1963, kodayake zumuncinsu ya riga ya yi tsami a kan wa ke da haƙƙin mallaka. Idan ka juya robar gidanka ka ga lamba 2 a cikin alwatika, mai taurin ce, irin ta jarka. Lamba 4 mai laushin ce, irin ta ledar burodi da fiya wata. Lamba 5 ta Natta ce.

Lamba 3 kuma jikar man masana Holan ce. Idan aka fasa wannan mai da zafi ana samun binil kuloraid, ita kuma a sarƙa ta a sami PVC, robar bututun famfo da rigar wayar lantarki. A 1974 aka gano wata cutar dajin hanta da ba a cika gani ba tana kama ma'aikatan da ke shaƙar iskar binil kuloraid a wata masana'anta a Louisville ta Amurka, daga nan aka tsaurara dokar aiki da ita.

Ledar cefane mai hannu biyu da muka sani, injiniya Sten Gustaf Thulin na Suwidin ne ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965. A yau duniya na samar da etilin sama da tan miliyan 150 a shekara, fiye da rabinta folitin ake yi da ita. A Najeriya masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, wadda NNPC ta gina ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990, aka sayar wa Indorama a 2006, ita ke fasa gas ɗin yankin Neja Delta tana fitar da ƙwayoyin robar da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai ke narkarwa.

Abin da ya sa leda ba ta ruɓewa yana cikin bayanin da muka fara da shi. Riƙo na biyu shi ne ƙofar etilin, a wajen yin sarƙa kuma kowace ƙwaya ta kashe nata. Abin da ya rage doguwar igiya ce ta kabon da haidirojin, kamar etan da aka ja ta sau dubbai, babu hannu a sake. Shi ya sa asid ba ya cin ta, ruwa ba ya ratsa ta, shi ya sa kuma ƙwayoyin cutar ƙasa da tumbin akuya ba su da inda za su kama. Rana na farfasa ta ta zama gutsattsari, amma gutsattsarin na nan. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Mu da muke kwashe ta daga kwalbatin unguwa duk farkon damina mun san abin da suka gani. Amma mun kuma tuna zamanin da ake sayar da ruwan sanyi a kofi ɗaya kowa ya kafa baki, da zamanin da allurar gilashi ɗaya ake dafawa a yi wa layi guda. Wanda zai ce a hana leda sai ya zo da abin da mai ƙosai za ta zuba wa yaro a ciki, a farashin da ba zai cinye ribarta ba.

A 2010 kamfanin Braskem na Barazil ya buɗe masana'anta a garin Triunfo mai iya samar da tan dubu ɗari biyu a shekara na etilin da ba daga fetur ko gas ba. Daga rake suke yin etanol, su cire masa ruwa, daidai haɗin da Becher ya yi a 1669. Raken ya zuƙi iskar kabon daga sama kafin a sare shi, wannan riba ce ta gaske. Sai dai folitin ɗin da ke fitowa ba ta bambanta da ta Eleme ko da atom ɗaya, kuma in saniya ta haɗiye ta, a tumbinta za ta zauna har ranar yanka.